Ƙafar da Aka Yanke wa Ba-Zafi

Ba shi ya raɗa wa kansa sunan ba. Masu ciwo ne suka raɗa masa, kuma ba ƙauna ce ta sa su ba. Duk wanda likita ya tura ɗakin wankin ciwo, mai gyambo ne ko mai ƙuna ko wanda ƙarfe ya tsarge wa hannu, kafin ya gama daidaita kwanciya zai ji an ce, "Ba zafi." Kafin ya amsa an fizge tsohon bandejin da ya manne da nama. Da haka sunansa na yanka ya ɓace. Daga masu shara har manyan likitoci kowa Ba-Zafi yake ce masa, shi kuwa ya amsa har da gyara wuyan riga.

Ya shiga asibitin yana saurayi mai tura keken majinyata, ya bar shi da furfura har a gira. Ɗakinsa shi ne na ƙarshen baranda, kusa da famfo, kullum cikin warin aidin. Akwai gado mai shimfiɗar roba, da tiren hantsaki da almakashi, da bokitin da ake jefa audugar da ta ɓaci. Amma abin da kowa yake tunawa shi ne labulen. Wata waya ya ɗaura ta ratsa gadon daidai ƙirjin mai kwanciya, ya rataya mata ɗan koren labule. Kan mutum yana can, ciwonsa yana nan. In an tambaye shi sai ya ce don kada majinyaci ya ga jininsa ya tsorata ne. Ƙarya yake yi. Farkon zuwansa ɗakin an kawo wata mata da tafasasshen mai ya zubo wa a cinya. Ana ɓare mata fata ta ƙura masa ido, ba ta ko ƙifta ba, shi kuwa ya yanke jiki ya faɗi a kan bokiti. Nas-nas suka daɗe suna kwaikwayon faɗuwar. Washegari ya zo da waya da labule. An ce labarin zuciya a tambayi fuska, to shi daga ranar bai ƙara tambaya ba.

Mutum ba ya son a ce tsoro ne ya sa shi abu, sai ya ɗinka wa tsoron riga ya kira shi ilimi. Ba-Zafi ya ɗinka tasa, kuma yakan baje ta a wurin shan shayin ma'aikata.

"Miki yana da tsawo da faɗi da zurfi," yakan ce. "Zafi fa, da me ake auna shi? Jiya an kawo mini mutum biyu, yanka iri ɗaya, wuri ɗaya. Wannan yana ba ni labarin ƙwallo, wancan yana kiran uwarsa. To ihun daga yankan ya fito ko daga mutumin?"

"Kai ka taɓa shiga jikin wani ne?" in ji wata tsohuwar nas da ba ta raga masa.

"Ai shi ya sa. Ɗakin da ba zan taɓa shiga ba, don me zan yarda da labarin da ake ba ni ta taga?"

"Allah ya kawo ranar da kai ma za ka leƙo ta taga."

"Ranar sai ki zo da ma'auni."

Waɗanda ya fi tsana su ne waɗanda aka yanke wa hannu ko ƙafa, su dawo wanki suna cewa yatsunsu na ƙaiƙayi, ko tafin ƙafarsu na zugi. Su kaɗai yake yaye wa labule. Ya nuna musu dungulmin, ya ce, "Ina yatsun? Nuna mini in sosa maka." Hukuncinsa a kansu biyu ne babu na uku: ko maƙaryaci ne mai kwaɗayin allura, ko kansa ya taɓu. Ba mutum ɗaya ba ya ja danginsa gefe ya ba su shawarar su gwada asibitin ƙwaƙwalwa.

A gida babu waya babu labule, amma dokar ɗaya ce. 'Ya'yansa sun taso sun san in ka faɗi ka ƙuje, kada ka je wurin Baba sai da jini a hannu. Mazan suka girma suka yi nisa. Auta, mace tilo, ita ta rage tare da uwarsu Inna, kuma ita ta ga ciwon kan Inna tun daga farkonsa. Shekaru matar nan ta yi tana ɗaure kai tamau da ɗankwali, tana rufe tagogi da rana tsaka, tana cewa a rage rediyo. Ba-Zafi ya taɓa goshinta, ya ɗaga fatar idonta, ya shafa ƙeyarta. Babu kumburi, babu zazzaɓi.

"Raki ne," ya ce. "In kin ga aiki sai kai ya tashi."

Wata rana da la'asar Inna tana kwashe shanya ta zauna a bakin rijiya, ta jingina, ba ta ƙara tashi ba. Likitoci suka ce jijiya ce ta fashe a ka. A zaman makoki Auta tana raba ruwa ta ji uban yana gaya wa mutane, "Da akwai alama da na gani."  Ta ajiye maganar a inda ake ajiye irinta.

Bayan ya yi ritaya ciwon suga ya kama shi, ya kashe masa jin ƙafar hagu. Wani ɗan miki ya fito a ƙarƙashin ƙaramin yatsa, kuma da gaske wannan karon babu zafi. Ya riƙa wanke abinsa da kansa, ya hana kowa gani, har sai da wari ya tona masa asiri. Aka yanke ƙafar a ƙasan gwiwa. Mazan suka yi ta kiran waya suna jajantawa. Auta ce ta ɗauke shi zuwa gidanta, ita da mijinta direban motar haya, ta gyara masa ɗakin baya kusa da inda take ɗinki.

Ranar da aka sallame shi likitan da ya yi aikin ya tsayar da Auta a baranda. Ya ce mata wataƙila tsohon ya riƙa jin ƙafar kamar tana nan, har ta yi masa ciwo. Ya ce hakan na faruwa da mutane da dama, ba hauka ba ne, ba ƙarya ba ce, in ya soma a dawo da shi akwai abin da za a gwada masa. Auta ta ce to. Ta shiga mota, ba ta gaya wa uban ba, ba ta gaya wa mijin ba.

Ba a daɗe ba abin ya soma. Da safe ta shigo da ruwan wanka ta tarar da shi ya jiƙe da gumi, ya damƙe bakin katifa.

"Ke Auta, duba mini ƙaramin yatsan nan. Kamar an lanƙwasa shi baya an danne."

"Wane yatsa, Baba?"

"Na hagu."

Ta ajiye bokiti a hankali. Ta kama bargon ta yaye shi gaba ɗaya, yadda ta sha ganin yana yaye labule in ta kai masa abinci wurin aiki. Dungulmin yana nan fes, ɗinkin ya kame, daga nan zuwa ƙarshen gado sai zanin gado.

"Ina yatsan? Nuna mini in miƙe maka."

Ya dube ta, ta dube shi. Shi ya fara kawar da kai.

Daga ranar gidan ya zama fagen yaƙin da ba a ɗaga murya. Ba ta taɓa ƙin wanke shi ba. Magani a kan lokaci, abinci da zafinsa, zanin gado wankakke, duk wanda ya zo dubiya sai ya sa mata albarka. Sai dai in ta kawo tire, ba ta ajiye shi a kan tebur. Takan ɗora shi a kan katifa, daidai wurin da ƙafar take a da.

"Ɗauke," yakan ce, haƙoransa a datse. "Kin ɗora mini a ƙafa."

"A katifa na ɗora, Baba."

"Na ce ki ɗauke."

"Ci abincinka kada ya huce. Ba zafi."

In nishinsa ya yi yawa sai ta koma kan keken ɗinki ta taka shi da ƙarfi, ko da babu abin ɗinkawa sai tsumma. Ƙarar keken tana rufe komai. Tana gaya wa kanta rama cuta ga macuci ibada ne, kuma Inna take rama wa. Abin da ba ta gaya wa kanta shi ne tana jin daɗin abin, wani daɗi mai sanyi da yake sa ta tashi da wuri don kada wani ya riga ta shiga ɗakin.

Shi kuwa Ba-Zafi, ba 'yar ce ta fi ci masa rai ba. Dokarsa ce. Yakan zauna ya duba dungulmin da idon mai sana'a. Babu mugunya, babu ja, babu kumburi, aiki ne mai kyau, da wani ne ya kawo masa da tuni ya ce tashi ka tafi. Amma ga yatsan nan ana murɗa shi, yana jin farcen, yana jin har ɗan kantar da takalmin aiki ya yi masa. Ya kai hannu wurin, hannun ya wuce ta cikin iska ya taɓa katifa. To ina zafin yake? Ƙafa tana cikin ƙasa. Katifa ba ta ciwo. In zafi zai iya zama a inda babu nama, ashe tun asali ba a naman yake ba. Da tunanin ya kai nan sai ya ga gadon ɗakinsa na dā da labulen, ya ga gefen da ya yi shekaru yana kallo da gefen da ya rufe, sai ya yi maza ya kira Auta ta kunna masa rediyo.

Direba mutum ne mai son zaman lafiya da barcin rana, kuma duka biyun sun gagara. Maƙwabta sun fara tambaya ko dukan tsohon ake yi. Wata rana ya dawo cin abinci ya tarar da surukin nasa yana sosa katifa da cokali, yana lumshe ido.

"Maman yara, zo," ya ce, ya ja ta tsakar gida. "Ni fa ban yi karatu ba, amma mota ma in an cire mata taya ba ta kukan tayar. Baba ya fara zarewa."

"Kai ka ce."

"Ba ni na ce ba, cokali ne ya ce. Na yi magana da yayyenki, sun ce a kai shi asibitin ƙwaƙwalwa a kwantar da shi kafin abin ya yi nisa. Ke me kika gani?"

Maganar likita tana kan harshenta. Ta haɗiye ta.

"Me zan gani? Ni ɗinki na sani."

Aka sa rana. Auta ta zaci in uban ya ji zai yi bori, ya zage su, ya kira ta mara mutunci, kuma ta shirya amsoshinta tsaf. Direba ya shiga ya durƙusa yana kame-kame, wai dubawa kawai za a yi, wai wurin akwai iska. Ba-Zafi ya bar shi ya gama.

"Ku kai ni," ya ce. "Mai jin ƙafar da babu, ko maƙaryaci ne ko mahaukaci. Ni na san ba ƙarya nake yi ba. Saura ɗaya."

Wannan ya ɓata wa Auta lissafi. Ita so take ya karye, ya ce ashe ana jin abin da ba a gani. Sai ga shi ya gwammace a ɗaure shi a cikin masu taɓin hankali da ya ce dokarsa ta yi kuskure.

Ranar tafiya da hantsi Direba yana waje yana goge mota. Auta tana cusa kayan uban a jaka: riguna, buroshi, maganin suga, takalmi ƙafa ɗaya. Ba-Zafi yana zaune a bakin gado da sandunansa a gefe, ya sa hula, ya tsufa fiye da jiya.

"Auta."

"Na'am."

"Uwarki. Yaya take cewa yana yi mata?"

Hannunta ya tsaya a cikin jakar.

"Yau ka ga damar tambaya?"

"Tambayarki na yi."

"Ai kana gidan. Kana zaune kana jin labarai take faɗa."

"Ban saurara ba. Gaya mini."

Ta juyo. Muryarta ba ta tashi ba, amma kowace kalma da kaifinta.

"Cewa take kamar an kafa mata ƙusa a bayan idon dama, ana bugawa daidai da bugun zuciyarta. In haske ya shigo ƙusar ta yi zafi. In ka yi tari a ɗakinka tana ji a cikin ƙusar. Ni nake danna mata kai da tafin hannu har hannuna ya mutu. Kai kuma ka leƙo ka ce ina abinci."

Ya rufe ido. Ya daɗe a haka, goshinsa a tattare kamar mai neman abu a ɗaki mai duhu. Sannan ya buɗe.

"Na nema ban samu ba," ya ce. "Na san ƙusa, na san ido. Amma in na ce bari in ji nata, sai in ji yatsana. Nawa kaɗai nake iya kaiwa."

"Wa ya ce ka ji?" Ta jefar da rigar da ke hannunta. "Ni da nake danna mata kai, ka zaci ina ji ne? Ban taɓa jin komai ba, Baba. Kaina lafiya lau. Ta faɗa ne, na yarda. Shi ke nan abin da ake nema a wurinka, ka kasa."

"In ta yi ƙarya fa?"

"Ta mutu ai. Ko shi ma raki ne?"

Direba ya danna hon. Ba-Zafi ya jawo sandunansa, ya soma kiciniyar miƙewa, bai nemi ta kama shi ba. Ta tsaya tana kallon yadda yake ɗaga dungulmin sama-sama, yana kauce wa ƙafar gado don kada ya buge yatsan da babu. Ba don ita yake yi ba, bai ma san tana kallo ba. Kuma da ƙafarsa ɗaya zai je ya miƙa kansa. Ta ga in ta bari aka kai shi, zai shiga can yana mai gaskiya a wurin kansa, dokarsa ba ta ko tsage ba, ita kuma a bar ta da keken ɗinki da gida shiru. Ba tausayi ne ya buɗe mata baki ba.

"Ba hauka kake yi ba," ta ce.

Ya tsaya.

"Likitan da ya yanke ta ya gaya mini. Ya ce masu irin aikinka da yawa suna jin ƙafar. Ya ce ciwo ne na gaske, a dawo da kai. Duk waɗanda ka yaye wa labule gaskiya suka gaya maka."

"Tun yaushe kika sani?"

"Tun ranar da aka sallame ka."

Ya koma ya zauna. Ya kalli tiren abinci, ya kalli ƙofar ɗakin ɗinki. Ta jira zagi. Ta ma fi son zagin.

"Lallai ke 'yata ce," ya ce.

Ba ta san inda za ta ajiye wannan ba, sai ta zuge jakar.

A waje ta gaya wa Direba ya bi hanyar asibitin da aka yi aikin. Ya ce me ya canja. Ta gaya masa a taƙaice. Ya tsaya da tsumman goge mota a hannu yana kallonta kamar yau ya fara ganinta.

"Kina nufin duk wannan ihun, kin sani?"

"Na sani."

"Kuma kika bar ni na kira yayyenki na ce ubansu ya zare?"

"Kai ka ga cokali."

"Allah ya sa kada in taɓa ciwo a hannunki," ya ce, ba da wasa ba.

Suka kwantar da tsohon a kujerar baya, bayansa a jikin ƙofa, ƙafar dama a miƙe, dungulmin a kan matashi. Direba ya karɓi jakar, ya ga fili a kan kujerar daidai ƙasan dungulmin, inda ƙafar take a da, ya jefa ta nan ya rufe ƙofa.

Motar ta tashi.  Ba-Zafi bai ce a ɗauke ba, bai yi nishi ba. A mahaɗar farko Auta ta ɗaga ido ta ga fuskarsa a madubi: leɓe a cije, jijiyar wuya a tsaye, gumi yana bin gefen hula.

"Har yanzu ni ban ga komai a wurin ba," ta ce, idonta a kan titi.

"Na sani," in ji Ba-Zafi.

Ta juya, ta miƙa hannu baya, ta jawo jakar ta ɗora a kan cinyarta.